Ranar da Minti Biyar Ya Buɗe Ƙofa Dubu Sittin

A layin shagunan nan da ke ƙasan bene, babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Minti Biyar ake ce masa, domin duk abin da ya lalace a duniya, daga fanka har injin jirgin sama, in aka ambata a gabansa sai ya karkata kai ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Shekarunsa arba'in da uku, ga ɗan tumbi madaidaici, ga jakar kwamfuta da ba ya rabuwa da ita. Iliminsa na intanet kuwa ya samo shi ne a wasu makonni uku da ya yi yana riƙe wa ma'aikatan wani kamfani tsani suna jan waya. Tun daga nan, kowane labari nasa da "lokacin da muke kamfani" yake farawa.

Yayarsa ce ke da shagon takalma a layin. 'Yarta ta haihu a wani gari mai nisa, za ta bi motar ƙarfe huɗu ta yi mako biyu a can. Mijinta za ta bar wa shagon, mutum mai sanyin hali da ya yi ritaya, wanda in ya zauna kan kujera ba a daɗewa ake jin munshari. Ya taɓa sayar wa wani mutum takalma duk na ƙafar hagu, sai da mutumin ya je gida ya gane. Shi ya sa Yaya ta sayi kyamara aka kafa mata a kusurwar shagon. In tana ciki, tana ganin komai tar a wayarta. Da ta tsallaka titi, sai hoton ya mutu.

"To ina amfaninta?" in ji Yaya da safiyar ranar tafiyar. "In ina cikin shagon ai ina da ido."

"Bar ta kawai," in ji mijinta da sauri. "Ni ma ai ido ne."

"Idon da ke rufe?"

Daidai nan Minti Biyar ya shigo. Ya saurari matsalar, ya yi dariya har da dafa bango.

"Yaya, ina raye kike wannan damuwa? Bari in fahimtar da ke. Rautar nan da kuke shan wayifai daga gare ta, kamar maigadin bene take. Mutanen waje adireshi ɗaya suka sani, nata. Ku na ciki kowa da 'yar lambarsa, ita ke fassarawa tsakaninku da duniya. In kina waje kika ƙwanƙwasa, ba ta san wa kike nema ba. Sai an buɗe ƙofa guda an ce mata, duk wanda ya buga nan, a kai shi wurin kyamara. Shi ke nan. Ko a wata kike za ki ga shagonki."

Bayanin daidai ne, domin haka ya ji wani ma'aikaci yana faɗa daga saman tsani. Sai dai abin da ma'aikacin ya yi da yatsunsa bayan nan, Minti Biyar bai gani ba, yana ƙasa.

"Auta, ka tabbata?" in ji Yaya.

"Ki ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa na gama."

Rautar tana rataye ne a shagon mai kwafin takardu, wata dattijuwa da ta shekara talatin tana buga takardu a ofis kafin ta buɗe nata wurin. Ita ta sa aka jawo intanet ɗin, shagon takalma da shagon aski suna sha tare da ita. Ta dubi Minti Biyar ta saman tabarau.

"Malam Minti Biyar, wancan karon da ka taɓa mini fanka, baya take juyawa har yau."

"Hajiya, wannan fanka ce. Yau fannina aka zo."

Don darajar Yaya ta bar shi ya sauko da rautar. Ya baje kwamfutarsa a kan teburinta, ya ture mata abin huda takarda gefe, ya murza yatsu suka yi ƙara. Shafin rautar ya buɗe ya nemi kalmar sirri.

"Mu a kamfani mun san irin waɗannan," ya ce. Ya buga ɗaya zuwa shida. Ta ƙi. Ya buga shida zuwa ɗaya. Ta ƙi. Ya buga sunan kamfanin da ya riƙe wa tsani. Shafin ya yi ja, ya ce an kulle, a jira minti biyar.

"Alhamdu lillahi," in ji mai kwafi. "Yau dai na ga minti biyar ɗinka ta gaskiya." Ta kifa rautar ta nuna masa 'yar takarda a manne a cikinta, kalmar sirrin na rubuce ɓaro-ɓaro.

"Na gani tun ɗazu. Tsaronta nake gwadawa."

Da ya samu shiga, sai ga shafuka birjik da Turanci. Ya yi ta latsawa yana gyaɗa kai kamar likita na duba hoton ƙashi, har ya iso wurin da aka rubuta fassarar adireshi, da alamar tana kunne.

"Ga ɓarawon nan!" ya ce. "Yaya, zo ki gani. Tafinta ne aka ɗora muku. Duk maganar da za ku yi da duniya sai ya tsaya ya fassara. Ina dalili? Kowa ya yi magana da bakinsa."

"Ba ɗazu ka ce shi ne maigadi ba?"

"Na sallame shi."

Ya kashe, ya danna ajiyewa. Fitilun rautar suka ɗan yi ƙyafta-ƙyafta. Layin ya yi tsit, irin shirun da ake ji in an ɗauke wuta. Sai aka ji ihu daga shagon aski.

Mai aski ya faɗo shagon da injin aski a hannu. A bayansa wani ƙaton mutum ne ɗaure da ƙyalle a wuya, rabin kansa fes, rabin kuma daji.

"Wa ya taɓa intanet? An ba da fenariti, mutum ya ɗaga ƙafa zai buga, hoton ya daskare! Har yanzu ƙafarsa na sama!"

"Hadari ne," in ji Minti Biyar ba tare da ya ɗago ba. "In gajimare ya taru, sigina kan yi nauyi."

Duk suka leƙa waje. Rana ce ƙwal, ko ɗigon gajimare babu.

"Yana tafe," ya ce.

Mai rabin kai ya matso ya tsaya a kansa, inuwarsa ta rufe kwamfutar gaba ɗaya. "Malam, ni ban iya Turanci ba. Amma abin da ka danna ɗazu, danna shi ya koma."

Minti Biyar ya mayar da tafinta bakin aikinsa ba gardama. Wayoyin mutane suka hau ƙara, saƙonni na shigowa. Daga shagon aski aka ji talabijin ta farfaɗo, ana ta sowa, an riga an ci ƙwallon, babu wanda ya ga yadda aka yi.

"Kun gani?" in ji Minti Biyar. "Yanzu mun tabbatar yana aiki. A kamfani haka muke fara yi."

Ruwan shayin Yaya kuwa ya tafasa, ya huce, an sake ɗora shi.

Daga ƙarshe ya gano shafin buɗe ƙofofi. Shafin ya nemi abu biyu: lambar ƙofa, da lambar na'urar da za a tura baƙo wurinta. Ya buɗe jerin na'urorin da ke kan wayifai. Goma sha ɗaya ne, babu suna ko ɗaya, lambobi ne zalla masu kama da juna, ƙarshensu kawai ya bambanta.

"Wacce ce kyamarar?" in ji Yaya.

"Mai bakwai."

"Ta yaya ka sani?"

"Yaya, in kin ga takalmi ba kya sanin lambarsa da ido? Kowa da sana'arsa."

Ya cika, ya ajiye, ya rubuta mata adireshin rautar na waje da lambar ƙofar a wayarta. Ya ce ta kashe wayifai ta tsallaka titi ta buɗe da data, kamar dai tana can garin. Yaya ta umarci mijinta ya zauna a gaban kyamara, in ta yi kira ya ɗaga hannu. Ta tsallaka ta tsaya gindin falwaya, ta danna.

"Auta!" ta ƙwala daga can. "Wani abu ya fito!"

"Na gaya miki! Me kika gani?"

"Rubutu ne! Wai baƙar tawada ta kusa ƙarewa!"

Mai kwafi ta cire tabarau a hankali. "Wannan firintata ce."

"A'a, Hajiya. Kyamarori na zamani ma suna da tawada. Da me kike zaton suke yin hoto?"

"Malam Minti Biyar."

"Lambar daidai take," ya ce, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. "Ƙofar ce ta yi ƙanƙanta. Rubutu ya iya wucewa, hoto ya maƙale. Faɗaɗa ta zan yi."

Ya ga shafin yana karɓar lamba daga kaza zuwa kaza. Ya sa ɗaya a farko. A ƙarshe ya yi ta ƙara lamba har shafin ya ƙi karɓa, ya tsaya a dubu sittin da biyar da 'yan kai. Ya danna ajiyewa da ƙarfi, ya jingina da kujera.

"Ƙofa dubu sittin da biyar. Ko giwa ce ta wuce."

Yaya ta sake dannawa daga tsallake. Tawada dai ta kusa ƙarewa. Ya ce ta jira hoton ya taso, hanya ce mai nisa. Ta dawo inuwa suka zauna jira. Aka sha shayin. Aka yi azahar. Mai aski ya ƙarasa wa ƙaton nan askinsa, amma mutumin ya ƙi tafiya, ya ce sai ya ga ƙarshen wannan aiki.

Wajen ƙarfe biyu, firintar da ke kusurwa ta yi gyaran murya ita kaɗai. Ta ja takarda. Mai kwafi ta waiwaya.

"Wa ya aika aiki?"

Babu wanda ya aika. Takarda ta fito da layi ɗaya na wasu haruffa kamar tafiyar tururuwa. Ta biyu ta fito da alamar tambaya guda a tsakiya. Ta uku, ta huɗu, ta goma. Firintar ta kama gudu kamar an biyo ta, takardu na zubowa ƙasa, kuma ba kowace takarda ba, mai kaurin nan mai sheƙi da mai kwafi ta loda tun safe don buga wa wata makaranta takardun shaida.

"Ga shi nan!" Minti Biyar ya miƙe tsaye. "Hoton ne ya fara isowa! A hankali yake haɗuwa!"

"Takarduna!" in ji mai kwafi.

Fankar nan mai juyawa baya ta kwashi takardun ta yi waje da su. Suka bazu a bakin titi. Masu wucewa suka tsaya, masu babur suka faka, mai gyaran agogo na tsallake ya rufe akwatinsa ya taho. Kowa ya tsinci takarda yana juya ta sama da ƙasa.

"Wannan wane yare ne?"

"Sakamakon asibiti ne, na taɓa ganin irinsa."

Ƙaton nan ya cafke wata a iska. Ita wannan da manyan haruffa take, da zanen fuskar kyanwa tana murmushi a ƙasa. Ya miƙa wa mai kwafi. Ta mayar da tabarau, ta karanta, sannan ta fassara da ƙarfi yadda na bakin titi za su ji:

"Wai, gaisuwa daga nesa. Firintarku a buɗe take ga duk duniya, kowa na iya aiko mata abin da ya ga dama. Don Allah ku rufe. In wani ne ya haɗa muku, kada ku sake ba shi."

Dariya ta ɓarke har bakin titi.

"Hassada ce," in ji Minti Biyar. "'Yan wani kamfanin ne. Sun ga aiki."

Mai kwafi ta fizge wayar firintar daga bango. Ta tsaya a kansa da abin huda takarda a hannu. "Rufe su. Duka."

Ya rufe ƙofofin duka. Yaya ta dubi agogo, uku saura kwata, jakarta na shago a ɗaure.

"Auta, bar shi haka. Na yafe."

Da a ce su biyu ne, da ya bari. Amma mutum ya fi ashirin a ƙofar shagon, duk shi suke kallo.

"Yaya, dama ɗaya. Na gano inda matsalar take. Ba bakwai ba ce, takwas ce. Sun yi kama a allon nan." Ya buɗe ƙofa ɗaya tak, ya tura ta lamba takwas, ya fito bakin shago ya ɗaga hannu. "Jama'a, duk wanda ya yi dariya ya biyo mu ya ga ilimi!"

Aka ɗunguma aka tsallaka titi, har mai aski da mai kwafi. Aka kewaye Yaya a gindin falwaya. Ta danna. Wannan karon wayar ta nemi kalmar sirrin kyamara, ta buga wadda ta zo a kwalin. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Minti Biyar ya rufe ido yana motsa baki.

Hoto ya fito.

"Ya yi! Wallahi ya yi!" Masu babur suka hau tafi. Minti Biyar ya buɗe hannuwa kamar wanda ya ci ƙwallo, yana juyawa ana dafa masa kafaɗa.

"Tsaya," in ji Yaya. "Yaushe na sa madubi a shagona?"

Aka matso da kawuna. Madubi ne babba, da kwalaben man gashi a jere, da talabijin a sama.

"Shagona ne!" in ji mai aski. "Kyamarata ce! Ta yaya kika shiga?"

"A wurin wa ka saya?" in ji mai kwafi.

"Wurin mai kayan wuta na kwana."

"Ita ma can ta saya. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita?"

Mai aski ya girgiza kai.

Amma Yaya ba ta jin su. Ta ƙura wa hoton ido. A kan kujerar aski, an kwantar da ita baya, wani mutum ne ya miƙe ya ɗora ƙafafu kan teburin kayan aski, hannuwa a kan ciki, baki a buɗe, talabijin na yi ita kaɗai. A ƙafarsa sababbin takalma ne masu sheƙi, takardar kamfani na lilo a jikin igiyar.

"Wannan ba maigidanki ba ne?" in ji mai gyaran agogo.

"Kuma wannan ba baƙin takalmin da ke saman kanta ba ne?" in ji mai kwafi.

Kowa ya ɗago ya dubi shagon takalma a tsallake. Ƙofa a wangale, babu kowa ciki.

Yaya ta tsallaka titin ba ta ko duba mota ba, jama'a na biye. Waɗanda suka tsaya da wayar, wadda ta bari a hannun ƙaton nan, sun ce a hoto abin ya fi daɗin kallo: ta shigo ta gefen dama, ta tsaya, ta taka abin ɗaga kujerar. Mijin ya taso zaune a firgice, ya ganta, ya ɗaga hannu yana kaɗawa.

"Kina ganina?" ya ce.

"Ina ganinka."

"Gwada su nake. Kada a sayar wa mutane abin da zai matse su."

Minti Biyar ya kutsa cikin taron. "Yaya, ki faɗi gaskiya. Takalma kike son gani ko shi? Shi kike son gani. To ga shi na nuna miki, har inda ya gudu. Wace kyamara ce ke bin mutum shagon maƙwabta? Wannan sai mu."

"Kai!" in ji mai aski. "Wato yanzu duk duniya na iya kallon shagona?"

"Talla ce kyauta."

"Ni in ba kowa rawa nake yi a gaban madubin nan!"

Mai kwafi kuwa ta koma shagonta ta zauna gaban kwamfutar, ta goge layin da Minti Biyar ya rubuta, ta canza kalmar sirrin rautar, ta ɓamɓare 'yar takardar cikinta. Ta mayar da rautar bango, ta miƙa masa jakarsa ta taga. Sannan ta kira kamfanin. Suka ce ma'aikacinsu ba zai samu zuwa ba sai bayan kwana goma sha biyu.

"Ke ba za ki iya ba, Hajiya?" in ji Yaya.

"Ban san wace lamba ce kyamararki ba. Ni kuma abin da ban sani ba, cewa nake ban sani ba."

Uku da rabi ta yi. Yaya ta tsaya a tsakiyar shagonta da jaka a kafaɗa. Ta dubi mijinta, wanda ke mayar da takalman cikin kwali a hankali. Ta dubi ƙanenta, wanda ke bayyana wa mai gyaran agogo cewa lamba tara ce, tun farko zuciyarsa ta ba shi tara.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wayarka tana kiran bidiyo?"

"Wayata? Ai ko daga ƙarƙashin teku..."

"Madalla. Daga gobe, takwas na safe zuwa shida na yamma, kana shagon nan. Duk lokacin da na kira, ka ɗaga ka nuna mini. In na ce hagu, ka yi hagu. In na ce dama, ka yi dama."

"Yaya, ni fa injiniya ne."

"In na kira sau biyu ba ka ɗaga ba, matarka zan kira in karanta mata wasiƙar kyanwa." Ta zaro takardar daga jaka ta nuna masa, ta mayar. Ta tare mota ta tafi.

Haka aka yi. Yaya kuwa ba ta da lokacin kira, sai ta ga dama. Wani lokacin da jariri a kafaɗa, wani lokacin tana wanki. Sai a ga Minti Biyar tsaye a kusurwar shagon, daidai ƙarƙashin kyamarar, hannu a sama, yana juyawa a hankali, muryar Yaya na fita daga wayar: "Ƙasa kaɗan. Matsa. Idonsa biyu? Taɓa shi in gani." Tsakanin kira da kira kuma yana ba surukin nasa labarin lokacin da suke kamfani, har bawan Allah ya kasa runtsawa ko sau ɗaya.

A rana ta huɗu wata mata ta shigo sayen takalmin makaranta. Ta ga ƙato tsaye a lungu da hannu a sama yana bin ta da waya duk inda ta yi. Ta matsa kusa da mijin Yaya ta rage murya.

"Baba, lafiyarsa kuwa?"

Mijin Yaya ya ɗago jajayen idanunsa.

"Kyamara ce, 'yata," ya ce. "Hotonta ba laifi. Wurin kashe sautin ne har yau ban gano ba."